Lantana da Akwatin Kiɗan Mompe

Duk wanda ya taɓa shiga gidan yayana Sarzan Ilo, tsohon soja, da safe ya san abin da zan faɗa. Kafin kowa ya kurkure baki, Lantana ta dama fura, ta zuba a ƴar ƙwarya, ta ajiye gaban gunkin Buddanta mai tsawon tafin hannu. Da azahar sai ta ɗauke ta shanye.

Na ce da wasan ƙanen miji, "Matata, ba tashi ba ce?"

"Na ba shi, bai sha ba. In zubar?"

Ga yaran da ba su san asalinta ba: daga Andoshin yayana ya zo da ita, wata ƙasa can gabas mai nisa inda Faransa ta kai su yaƙi. Wasu sun dawo da lambar yabo, wasu da ƙafar katako, shi ya dawo da mata. Sunanta Lan, mutanen Tawa sunka ga ya yi gajarta, sunka ƙara mishi. Hausa a kasuwa ta koye ta wurin masu albasa, shi ya sa ba ta da kunya a bakinta. Addininta kuwa ta riƙe gam. Malamai uku sunka gwada musuluntar da ita, kowanne ya sha shayi ya yi godiya ya tafi.

Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai wasiƙa ta zo, uwarta ta rasu. Ba ta yi kuka gabanmu ba. Ta dai ce a garinsu, ranar kwana arba'in da tara da rasuwa, malamansu masu aske kai suke taruwa su rera wa mamaci karatu. Shi ne rakiyarshi. In ba a yi ba, yana nan yana yawo bai san inda zai bi ba. Yaƙi ya watsa garin, ita kaɗai ta rage wa tsohuwar.

Sarzan ya ce, "Ai kwanakin sun wuce tun wasiƙar tana cikin jirgin ruwa."

"A wurina, ranar da na ji, ranar ta mutu."

"To, a Tawa ina za ki samo masu aske kan?"

Ashe ta riga ta samo. A hanyarta ta kasuwa takan wuce ɗakin ibadar Nasara, ta ji tsohon limaminsu, da muke ce wa Mompe, yana rera tsofaffin waƙoƙinsu da Latananci, a hankali, babu ganga, wani akwatin kiɗa yana bin shi. Ta ce wallahi da na garinsu kamar an tsaga kara.

Na ce, "Kalmomin fa? Uwarki ba ta jin Latananci."

"Na malamanmu ma ba ta ji."

Ni na raka ta, don ni ne malamin lakkwal, makarantar boko, mai Faransanci. Mompe ya yi murna har gemunshi na rawa, ya zaci ya yi babban kamu.

"Madam, addininmu za ki shiga?"

"A'a. Wurin akwatin na zo. Koya mini waƙarku ta matattu."

"Amma waƙar ta Yesu ce."

"Ya hana aro?"

Mompe ya dubi rufin ɗaki ya daɗe. Da bai samu amsa can ba, ya jawo mata kujera.

Nan fa anka yi ta. Akwatin nan ba ya magana sai an ba shi iska, da wasu allunan katako biyu da ake takawa da ƙafa, kamar zugazugin maƙeri. Lantana ta hau kujera, ƙafafunta sunka tsaya a sama suna lilo. Anka kawo gajerar kujera, ƙafa ta kai, hannu bai kai ba. Ta juyo ta dube ni. Haka ni, Mushe Abdu, kamar yadda ake kiran malamin lakkwal, mai aji guda da bulala, na koma durƙusawa ƙarƙashin akwati kullum bayan la'asar ina danna katako da hannu bibbiyu.

Kiɗan kuwa, kada mu yi wa mamaciya ƙarya, ba daɗi. Da yatsa ɗaya take bi. Ta danna nan, ta tsaya ta yi tunani, ta danna can. Mompe sai ya ja numfashi uku tsakanin kalma da kalma. In ya ce ta ɗan ƙara sauri, sai ta ce, "Wadda ake yi dominta ba ta sauri."

Wata mai tallan goro ta leƙo taga ta gan ni a durƙushe. Kafin Juma'a labari ya kai ƙauyenmu Bambeye cewa Mushe ya zama Kirista. Innarmu ta hau jaki ta taho, ko ruwa ba ta sha ba ta iske mu can.

"Abdu! Mi kake yi nan ƙasa?"

"Inna, iska nake bayarwa."

"Wayyo ni! Shekara goma muna kai ka lakkwal, iska kake bayarwa?"

Lantana ba ta ɗaga yatsa ba. Inna ta tsaya bakin ƙofa tana huci, tana saurare, har hucin ya kwanta. Can ta ce, "Wannan waƙa, wa ya mutu?"

"Uwata, Inna."

Sai Inna ta nuna ni da sandar jakinta. "Kai kuma danna da kyau, ba ka ci tuwo ba?"

Saura kwana goma akwatin ya fara tari. Anka buɗe, ɓera ce da ƴaƴanta biyar, sun ci fatar zugazugin. Mompe ya kawo tarko, washegari tarko ya ɓace.

"Madam, ina tarkona?"

"Wa ya sani ko gwaggon wani ce ta mutu ta dawo ɓera?"

"Gwaggon tana cin akwatina!"

"Yunwa take ji."

Baduku ya zo ya liƙe wurin da fatar akuya. Lantana ta riƙa kawo wa ɓera gero kullum. Ɓera ta ci gero, ta haɗa da sabuwar fatar.

Ranar arba'in da tara da hantsi, Mompe ya sa baƙar rigarshi. Sarzan ya tsaya ƙofa da lambobinshi a ƙirji, ya ce shi gadi ya zo. Inna ta shimfiɗa tabarma a waje da tasbaha. Munka fara, kuma abin mamaki, yatsan bai kuskure ko sau ɗaya ba. Muna tsakiyar waƙa na ji fuuu a fuskata. Na danna, ba komi. Na sake dannawa, katako kawai ke ƙara.

Na raɗa mata, "Matata, fata ta fashe."

Ba ta dube ni ba. Ta bar yatsanta yana bin akwatin da ya mutu, ta buɗe baki ta ci gaba da muryarta, da harshen garinsu, wanda ba mu taɓa jin ta yi shi da ƙarfi ba. Mompe ya saki Latanancinshi, ya bi ta da gunji a hankali har ƙarshe. Ni kuwa ina ƙarƙashin akwati ina kuka kamar uwata ce, ba na jin kunyar faɗi.

Ta rufe akwatin, ta ce, "Ta tafi." Sannan ta leƙo ƙasa. "Tashi, wandonka ya yi datti."

Yau kwana arba'in da tara da rasuwar Lantana, shi ya sa na tara ku. Mompe ya daɗe a ƙasa, kuma duk ƙasarmu ta Adar ba wanda ya iya karatun mutanenta. Abin da muka iya shi za mu yi. Ya Allah, baƙuwarmu ce, daga nesa ta zo, ta zauna da mu ba ta cuci ko tururuwa ba. Mu ba mu san hanyar da za ta bi ba, Kai ka sani. Kada ka bar ta tana yawo ita kaɗai.