Ranar da Darlene Ta Shafa wa Mijinta Fenti

Darlene Pietrzak ba matsoraciya ba ce, kowa a garin Wausau zai shaida. Ta ƙare ƙuruciyarta tana juya madara a masana'antar cuku, ta raini 'ya'ya maza uku da harara kawai, kuma ita ke kashe ɓera a gidanta, mijinta Rollie yana kan kujera yana ba da shawara. Tsoro da tsufa ya zo mata, ranar da Rollie ya tsaya a kicin riƙe da cokali ya tambaye ta me ake yi da shi. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa. Tun daga nan mukullin gida bai bar aljihunta ba, domin ya taɓa ficewa aka tsinto shi a bakin kogi ba takalmi.

Abu ɗaya ne bai gudu daga kansa ba, waƙoƙin Ungulun Ƙarfe, mawaƙan nan masu jita da ƙara, masu shafa farin fenti a fuska su zagaye ido da baƙi, su fito daga akwatin gawa wuta na tashi. Rollie ya manta sunayen jikokinsa, amma in an sa masa faifansu ko baiti ɗaya ba ya kuskurewa. To da aka ce za su yi wasan bankwana a filin bikin manoma, kuma da rana tsaka, don su ma tsofaffin yanzu ba sa kai dare, Darlene ta ce sai ta kai shi. Babban ɗanta ya ce wannan ganganci ne. Ta ce in shi ya haife ta sai ya hana ta.

A al'adar masoyan ƙungiyar, ba a zuwa wasa da fuskar gida. Ta zaunar da Rollie a bakin gado ta shafa masa farin, ta zana baƙin, ta sa masa baƙar riga, ita ma ta yi nata. Ya kalli madubi ya yi wata dariya da ta daɗe ba ta ji ba. Ko kusa ba ta kawo komai a ranta ba.

Fili ya cika maƙil da tsofaffi, wasu da sanda, wasu a keken guragu, ƙamshin gasasshiyar masara ya gauraye da warin shanun da aka kawo gasa. Ta riƙe hannunsa gam, ba ta sake shi ba sai da ta zo buɗe jaka za ta sayi ruwa. Daidai nan ganga ta tashi, wuta ta yi sama, jama'a suka kwasa gaba kamar tumaki sun ga dusa. Ta juyo, babu Rollie.

Ta ƙwala masa kira, ita kanta ba ta ji muryarta ba. Ta cafke wani mai tsaro ta ce mijinta ya ɓata, ba shi da lafiya, ko an kira sunansa a lasifika ba zai amsa ba.

"Yaya kamanninsa, Mama?"

"Dattijo ne, da baƙar riga, fuskarsa da farin..."

Mai tsaron ya dubi filin, ya dube ta. "Mama, ai yau duk garin nan mijinki ne."

Da hannunta ta ɓatar da shi, ba wani ba. Ta kutsa cikin taron tana juyo da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya waiwayo da fuska iri ɗaya, fara fat da baƙin ido. Wani ya ce in miji take nema ga shi, tasa matar ta gudu tun bara. Da wata rana ce da ya sha mari. Ba abin da take gani a zuciyarta sai ƙofar bayan filin, wadda ke fita kan babban titi inda manyan motoci ba sa tsayawa. A kan dandamali aka turo akwatin gawa, jama'a na ihun murna, ita kuwa ta kawar da kai. Da ta ga fuska ba za ta fisshe ta ba, sai ta koma duban kunnuwa, tunda fenti bai kai can ba, kuma na Rollie faka-faka suke.

Ta kunnen ta gane shi, can gaba jikin shingen ƙarfe. Yana waƙa bakinsa har kunne, hannunsa cikin na wata mata mai tsayinta, ita ma da fentinta. Darlene ta kamo rigarsa, gumi da hawaye sun gama dama mata fuska. Ya dube ta da ladabi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, da matata nake."

Matar ta sunkuyo daidai kunnen Darlene ta ce tun da aka yi turereniya ya riƙe ta yana kiranta Darlene. Mahaifinta ma ciwon da ya yi ke nan, shi ya sa ta tsaya wuri ɗaya har a zo nema.

"Ke ce Darlene ɗin, ko? Ya ce duk filin nan babu wadda ta kai ki rawa."

Darlene ta gyaɗa mata kai. Tsoron titi ya sake ta, wani tsoron ya kama ta, wanda ba ta da inda za ta gudu da shi. Suka jira har aka saki wutar ƙarshe, kowa ya ɗaga kai sama, sannan matar ta zare hannunta a hankali, Darlene ta sa nata. Rollie ya matse shi, ya ci gaba da waƙa. Bai ma san an canja hannu ba.