Kaset ɗin da Baba Ya Fi So

A shekarun farko da mulki ya koma hannun farar hula, lokacin da ko'ina ka juya a Abuja tifa ce ke sauke yashi, ina aikin buga takardu a wata ma'aikata, muna zaune a Kurudu ni da maigidana a ɗaki biyu da falo. A wannan gidan aka kawo mini Baba daga garinmu, bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce sai an riƙa kai shi gashi, kuma a cikin 'ya'yansa ni ce nake da wurin ajiye shi.

Baba tela ne, ya yi shekara arba'in a kan keke. Bai taɓa yarda talabijin ta shiga gidansa ba. Muna yara, in ya kama mu a gidan maƙwabta muna kallo, bai duka, sai dai ya ce mutum bai zama ya zuba wa ƙarya ido alhali ga aiki. Don haka satin farko na lulluɓe tawa da zane, don kunya.

To amma ni ina fita da sassafe, ba na dawowa sai la'asar sakaliya, maigidana kuma aikinsa na tafiye-tafiye ne. Wadda ke leƙa Baba ita ce maƙwabciyata, wata Kirista daga Filato mai toya ƙosai a bakin layi. Hausarta irin ta Abuja ce, namiji da mace duk "shi" ne a bakinta. Wata rana na dawo na tarar ta yaye zanen, ta ɗauko kaset na fim ɗin Hausa daga ɗakinta ta saka masa.  Ta ce ta gaji da ganin tsoho yana kallon bango tun safe. Na dubi Baba ina jiran faɗa, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mini alamar in matsa, na tare masa.

Daga nan kallo ya zama aikinsa. Maganarsa ta lalace, kalma ɗaya sai ya yi ta fama da ita, amma idon tela bai mutu ba. In aka nuno attajiri da babbar riga, sai ya nuna wuyan rigar ya girgiza kai, wato aikin bai yi ba. In waƙa ta zo ya rufe ido har ta wuce. Ni kuwa na fara sauri in dawo gida don mu zauna tare, abin da ban taɓa yi da shi ba tun ina ƙarama.

Akwai wani kaset da ya fi so. Labarin wani saurayi ne da ya ɓata da mahaifinsa ya bar gari, bayan shekaru ya dawo ya tarar da tsohon a kwance. Ya durƙusa ya kama ƙafarsa, ya nemi gafara, uban ya dafa kansa ya yi doguwar magana, sannan ya cika. Duk sanda aka zo nan, sai Baba ya buga hannun kujera ya ce, "Mayar." In mayar da shi baya, mu sake gani. Wani lokaci har sau uku.

Ban jima ba na gane. Ina da wa, shi ne babba a ɗakinmu, yana koyarwa a Gwagwalada. Lokacin da mahaifiyarmu ta rasu yana wani kwas a kudu, saƙo bai same shi da wuri ba, bai iso ba sai bayan sadakar uku. Baba, a cikin zafin rashi, ya faɗa masa a gaban 'yan zaman makoki cewa boko ya fi masa uwarsa. Yaya ya kwana ɗaya ya tafi. Shekara takwas ke nan tsakaninsu sai gaisuwa, ita ma a tsaye. Tunda aka kawo Baba, Yaya na aiko da magani da kayan abinci, in mun je asibiti ya same mu a can ya yi magana da likita, amma bai taka gidana ba.

Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, ni ban mallaka ba, sai na je wurin masu laima da ake biya a buga waya a bakin titi na kira shi. Na ce Baba na nemansa. Ya tambaya ko Baba ne ya faɗa da bakinsa. Na ce e, Allah ya yafe mini.

Ya zo ranar Asabar da hantsi, da ledar lemo. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa da ka. Ni na riga na shirya komai a raina kamar mai shirya fim. Na saka kaset ɗin, na ce bari in duba tukunya, na koma kicin na laɓe a bayan labule.

Suka yi ta kallo, ba mai duban wani. Da aka zo wurin durƙuson, na ga Baba ya juya kansa yana neman fuskar Yaya, bakinsa na ƙoƙarin haɗa wata kalma. Yaya kuwa ya kafe idonsa a talabijin, wuyansa ya sandare. Kalmar ta ƙi fita. Baba ya yi ta fama, har miyau ya zubo masa. Yaya ya ciro hankici ya goge masa baki, ya gyara masa hula, ya ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka." Aka kira azahar, ya fita masallaci, da ya dawo ya ce zai kama hanya kafin motoci su cushe.

Na raka shi bakin titi ina ta faɗa. Na ce me zai rage shi in ya ce a yafe masa? Ya tsaya ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Na shigo da maganar a bakina," in ji shi. "Kin saka mini wani yana yinta a gabana, da kiɗa. In na faɗa, sai ya zama kwaikwayo nake yi."

Ya ce zai dawo wani satin, mu bar talabijin a kashe. Satin ya zo da aikin jarrabawa, na bayansa kuma motarsa ta lalace. Ban matsa masa ba, don a duk finafinan da na gani, tsoho bai cika sai ɗansa ya iso. Ban san na yarda da haka ba, amma ashe na yarda.

Baba ya rasu ranar wata Talata, wajen ƙarfe biyu na rana, ina ofis ina buga wata wasiƙa. Maƙwabciyata ce kaɗai a wurin. Ta ce ta ba shi kunu ya sha, ta fita ta kwashe shanya, ta dawo ta tarar kansa ya langaɓe. Na tambaye ta ko ya ce wani abu, na sake tambaya, har ta fashe da kuka ta ce da ya faɗa da ta gaya mini.

Yaya ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Mutane suka yi ta yaba masa. A hanyarmu ta dawowa daga garinmu, mun yi tafiyar awa shida a mota ɗaya, ba mu yi zancen ba, kuma har yau ba mu yi ba.

Ina kallon finafinai har yanzu, ban ɗora musu laifi ba. Su suka zaunar da ni kusa da mahaifina wata bakwai, su suka nuna mini abin da ke ransa lokacin da harshensa ya kasa. Kuskuren nawa ne, da na ɗauka mutane biyu masu ciwo za su iya magana don na shirya musu wuri. Yanzu Yaya ya yi furfura, ya bar aiki, yana noma a bayan Gwagwalada. Duk shekara yana zuwa garinmu shi kaɗai ya yi kwana biyu, matarsa ta ce in ya dawo sai ya yi sati bai cika magana ba.