Kunnen Mu'allim Haruna

Yau shekara goma ke nan da muka kai Mu'allim Haruna makwancinsa. Har yanzu in na buɗe warsharmu ta gyaran jiragen ruwa a unguwar Khumra da safe, sai in ga kamar zan tarar da shi tsugune a bayan wani jirgi, ya kafa kunne.

A ƙarshen shekarun saba'in muka haɗu. Ni na zo aikin hajji daga Kano ban koma ba, shi kuma haifaffen Jidda ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa. Lokacin ne ƙananan jiragen gudu na faiba suka fara cika bakin ruwan Ubhur, jajaye da shuɗɗa, masu dogon hanci. Masu hali su saya, su fasa a kan duwatsun ruwa, mu kuma mu ɗinke. Shi ya koya mini aikin, kuma ba da lallashi ba, don mafaɗaci ne na gaske, Allah ya jiƙansa.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Bangon bayan jirgi, inda ake rataya inji, katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba. In ruwa ya sami hanya, katakon zai ruɓe, waje kuwa yana ta sheƙi. Mu'allim yakan bi bangon da gindin sukudireba yana ƙwanƙwasawa. In ya ji ƙwal-ƙwal, lafiya lau. In ya ji dif-dif, to ko ɗan wane ne kai, ba zai shafa maka fenti ba sai an farke bayan. Mun rasa masu kawo aiki da yawa a kan haka, na kuma sha yi masa mita. Ƙurar faiban ce ta cinye masa ƙirji daga baya.

Da zai dawo yau, da ya sha dariya. Jiragen nan da aka jibge a kangaye kaji na ƙwai a ciki, yanzu samari ke nemansu ruwa a jallo. Suna ɗaukar su hoto, suna musu a kan launin fentin asali da irin sitiyarin da ya dace. Ina jin daɗin ganinsu, don da su warshar ke ci. Sai dai kaɗan ne ke tambayar abin da ke ƙarƙashin fentin.

Makon jiya Fahad, ɗan ƙanin kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya kawo wani koren jirgi da ya girme shi. Fenti yake so, da sabon inji mai nauyi, don ya fita da matarsa da 'ya'yansa mata biyu a hutun salla. Na ƙwanƙwasa bayan, na ji dif-dif. Na ce masa aikin zai wuce salla. Ya fusata, ya tuna mini cewa iƙamata, wato takardar izinin zamana, saura wata biyu ta ƙare. Washegari kafilin da kansa ya kira ni, ya ce halas, magana ta ƙare, in yi wa yaron abin da yake so.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro. Na haura sittin, 'ya'yana duk a unguwar Sa'alaba nan Jidda aka haife su, Kano kuwa ko hanyar gidanmu ba lallai in gane ba. Har na dama fentin. Amma da Fahad ya zo duba aiki, sai na ɗauki injin yanka, na buɗe taga kamar tafin hannu a bangon. Na zura yatsu na kwaso katakon, baƙi ƙirin, yana marmashewa kamar jiƙaƙƙiyar dusa, na zuba masa a hannu, na ce:

"Ya waladi, ɗana, a kan wannan za ka rataya inji, ka ɗora 'ya'yanka."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya tambaye ni wa ya ba ni izinin yanka masa jirgi, ya shiga motarsa ya tafi.

Mu'allim bai bar gadon gida ba, bai bar suna a kan allon wata warsha ba, samarin Ubhur ma ba su san an yi shi ba. Taurin kan da na yi shekaru ina yi masa mita a kansa shi ya bari, kuma ashe a wurina ya ajiye shi.

Kafilina bai ɗauki wayata ba har yau. Na sayo sabon katako, na fara aiki. Ban sani ba ko baɗi war haka ina Jidda, amma koren jirgin nan ba zai taɓa ruwa ba sai na gama bayansa.