Ranar da Na Shanya Funfunar Malama Binta

Ko da na manta sunayen shugabannin da na yi aiki a ƙarƙashinsu, ba zan manta da ranar da na shanya funfunar Malama Binta ba.

A lokacin ni ne mai kula da sito a ofishin gona da ke bakin kanal ɗin ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, ritaya ta kusa. Aikina tun ina saurayi shi ne tsare iri da taki daga laima. Mu mutanen shinkafa ƙa'idarmu guda ce: duk abin da ya yi funfuna, a fitar da shi rana. Ba a tambaya, ba a jiran umarni.

Malama Binta sabuwar malamar gona ce. Ta zo da wata dabara: akwai funfuna mai amfani da ake renonta a jiƙaƙƙiyar dusa, in ta nuna a barbaɗa ta a kan karan shinkafa, ta cinye shi ya zama taki, ta kuma fitar da wasu sinadarai masu kare saiwar tumatir daga ruɓa. Ta sha wuya kafin manoman wani ɓangare su yarda su tara karansu kada su ƙone. Shugabansu, Alhaji Sule, ya gaya mata a gabana cewa ruwan rani ba ya jiran kowa. In an buɗe kanal ba ta kawo maganinta ba, ashana na aljihunsa.

Ta yi mana bayani a taro, rabi Hausa rabi Turanci. Na yi ta gyaɗa kai don kada yara su ce tsoho bai gane ba. Abin da na riƙe kawai shi ne a rufe ɗakin baya na sito, inda ta ajiye kayanta.

Ranar da ta tafi taro Kano, na ji warin laima daga ɗakin. Na buɗe, na ga farantai jere, dusa ta yi kore shar. Raina ya ɓaci, na ce yarinyar nan an bar mata kaya sun lalace, ni za a zarga. Na kwashe duka, na baza a kan siminti, na yi ta juyawa da ƙafa kamar shanyar shinkafa tun hantsi har la'asar. Har daɗi na ji da na ga ta bushe ƙarau.

Da ta dawo ta tsaya a kan shanyar, ta ɗebo kaɗan ta murza. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Ila, wa ya sa ka?"

"Babu kowa, Malama. Funfuna ce ta kama."

"Ai funfunar ce kayan, Baba."

Ta sake haɗa wata, amma abin rai ne, ba a yi masa gaggawa. Kafin ta nuna aka buɗe ruwa. Na bi Malama Binta har gonar Alhaji Sule na faɗa masa ni ne sanadi. Ya saurare ni, ya ce Allah ya kiyaye gaba, amma shi dashen tumatir zai yi. Muna tsaye ya ƙyasta ashanar. Kafin mu kai bakin titi hayaƙi ya tashi daga gona zuwa gona.

A rahotonta ba ta sa sunana ba, ta ce zafi ne ya kashe irin funfunar. Da ta koma wa manoman a shekara ta gaba, sai suka riƙa tsokanarta, wai yau ma an zo da takin da ake shanyawa? Daga baya ta nemi canjin wurin aiki.

Ku da kuke sabbin shiga, hannun da ya daɗe a aiki yakan riga kai yanke hukunci. Manomi kuma sau ɗaya yake ara maka gonarsa. Tambaya guda ta isa ta hana wannan, na ji kunyar yin ta. Har yanzu in kaka ta wuce na hango hayaƙi ta wajen kanal, sai in ja kujerata in koma cikin zaure.