Kawu Alli da Ajujuwansa Uku

Duk wanda ya zauna Gummi ya san Kawu Garba, ƙanen Innarmu, da guntun alli a naɗe cikin hularsa. Shi ya sa ake ce masa Kawu Alli. Ana cikin hira sai ya tuɓe hular, ya nemi bango mafi kusa. Ƙofar shagon tela, katangar maƙwabta, har bayan motar haya sun sha rubutunsa. Shekaru ya yi yana koyar da kalkulas a jami'a, wato lissafin yadda abu ke ƙaruwa ko raguwa, kuma da ya yi ritaya bai yarda cewa ajin ya tashi ba.

Darasi ɗaya ne, amma littafi uku yake da shi: na injiniyoyi, na 'yan tsantsar lissafi, da na masu karatun tattalin arziki da ire-irensu. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Balki, injiniya gatari nika ba shi in nuna mai icce," in ji shi. "Ɗan lissafi sai ya gaya min mi ya sa gatari ke sara. Na ukun ko, icce nika kai mai an riga an faskare."

"To wa ka fi so?"

"Injiniya ya ce nawa ne. Ɗan lissafi ya ce don mi. Na ukun ya ce, Malam, wanga zai fito jarrabawa? Shi kaɗai ke faɗin gaskiyar zuciya tai."

Da na samu gurbin karatun injiniyan gine-gine, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. So ya yi in karanta lissafi zalla. A hutun farko na dawo da maki mai kyau, na miƙa masa takarda ina taƙama. Ya rubuta wata ƙa'ida a jikin rumbun Inna, ya ce in nuna masa daga ina ta fito. Na ce mu ba a koya mana haka ba, amfani da ita kawai muke yi, kuma tana aiki.

"Jakin Ɗan Tani ma ya san hanyar Bukkuyum," ya ce. "Tana mai aiki kullum ranar kasuwa."

Inna ta leƙo daga madafa. "Garba, ɗiyar tawa ce jaka?"

"A'a, Yaya. Jakin bai taɓa kawo min takarda ba."

Amma Allah ya rama mini. Akwai ɗalibinsa na ƙauna, Sani, ɗan Anka, wanda ya karanta lissafi zalla. Da unguwarmu za ta ɗora tankin ruwa a masallaci, Kawu ya ce Sani ne zai lissafa girman bututu da tsawon lokacin cika. Aka yi kwana uku jama'a na jiran amsa suna alwala da ruwan jarka. Rana ta huɗu da hantsi sai ga Kawu a ƙofar gidanmu, yana kallon gefe.

"Sani ya gama. Ya tabbatar da cewa amsar tana nan, kuma guda ce tak."

"Madalla. Nawa ce?"

"Shi na taho ki gaya muna."

Na lissafa a tsaye, na faɗa masa. Ya juya zai tafi, sai ya ce, "Kar ki gaya ma Innarki."

Daga baya hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga. Duk da haka kowane mako sai ya hau bayan ɗan kabu-kabu zuwa Bukkuyum, yana koyar da masu shirin shiga jami'a. Mun yi roƙo har mun gaji. Ya ce in an tare shi zai tambaye su aji nawa suka tsaya, ya ɗora daga nan.

Ba su suka ɗauke shi ba, zazzaɓin kwana huɗu ne. Ina Anka wurin aikin wata gada, an hana bin hanya, sai bayan kwana biyu da binne shi na iso. Inna ta ce da jikin ya yi tsanani ya tambaya ko na taho, aka ce masa hanya ba kyau. Ya ce, "Ku ce mata ta zauna. Ta gama gadar, mutane na jira."

Na gama ta. Yanzu in aiki ya cije mini, nakan ɗauki waya in tuna babu wanda zai zage ni kafin ya taimake ni. Ban san haka zagin yake da daɗi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Garba, ya yalwata makwancinsa, ya yafe masa bangayen mutane da ya ɓata. Ranar tambaya, Ya Rabbi, ka sauƙaƙa masa, kar ka tsananta kamar yadda ya tsananta mana. Amin.