Hannun da Baffa Bai Ɗaga Ba

Jiya a kasuwar Birnin Kebbi wani ya wuce ni da ƙamshin turaren Baffa, sai zuciyata ta koma Argungu, zamanin da majalisarmu take Sakkwato.

Baffa ne jagoran jam'iyyarmu a yankin. Duk ɗan takarar da ya ɗaga hannunsa gaban jama'a, ƙuri'a ta zama tasa. Ni ɗan ƙanensa ne, na nemi kujerar majalisa, na yi wata guda ina tsara jawabi mai daɗi kamar wasiƙar masoyi. Ranar taro na tsaya a damansa. Sai ya miƙa ta gabana, ya kama hannun wani manomin shinkafa daga Gulma, ya ɗaga sama. Har matan gidanmu suka rangaɗa guɗa.

Da na yi ƙorafi, ya ce, "Ɗana, kai magana ka iya. Wanga ko ya san gonakin da ruwa ka cinyewa da damina."

Mutumin ya ci zaɓe, kuma har yau ba na iya gaishe shi da zuciya ɗaya. Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, ni kuma ya yaye mini wannan kishi kafin in tarar da kai.