Warƙa Bakwai Suka Rage

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Malam makwancinsa, a bayan gonarmu ta hanyar Gezawa. Muridansa sun ɗauki littafinsa na tarbiyyar zuciya, wanda ya gyara tsaf, suka kai birni aka buga. Ni ƙaninsa manomi, aka bar mini tsohuwar gafaka da rubutun farko a ciki: warƙa arba'in, wato fallayen takarda, na ajami, ko'ina kankara da gyara.

Bugaggen littafin na waliyyi ne. Na gafakar nan kuwa na yayana ne. Inda bugaggen ya ce mai zikiri yana samun natsuwa, a nan ya rubuta a gefe da ƙaramin hannu: "Yau ma ban samu ba." Akwai shafin da ya tsaya a tsakiyar jimla saboda awaki sun shiga gero. Ni na kira shi ranar, har yana yi mini tsiya wai na kore masa ilhama.

Bayan rasuwarsa mutane suka fara zuwa neman warƙa guda, su wanke tawadar su sha don albarka. Kunya ta hana ni hanawa. Gaskiya kuma ina jin daɗin zuwansu, don tun da mai ɗakina ta rasu, su kaɗai ke yin sallama a zauren nan. Da Yaya zai ga yadda aka shanye shakkunsa a ƙwarya, na san sai ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Da damina na ƙirga, saura bakwai. Wata mata ta zo tun daga Bacirawa, mijinta ba lafiya.

"Baba, ko rabin warƙa ce, a taimaka."

Na ce, "Zauna in karanta miki, 'yata. Don karatu ya rubuta."

Ta ce za ta rasa mota. Ta tafi ban ba ta ba, labari kuma ya bazu cewa tsohon ya fara rowa.

Littafinsa zai daɗe a kasuwa, sunansa zai daɗe a bakin muridai. Muryarsa ta gaskiya tana cikin bakwai ɗin nan, kuma na tsare ta. Wata huɗu ke nan ina shimfiɗa tabarmar baƙi bayan la'asar, in naɗe ta da magariba ba wanda ya taka. Ina kewarsa ƙwarai.